Neman shawara: bindiga mai baki ɗaya da na saya da araha ta fara ba ni tsoro

Manomi daga Alkaleri:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ina neman shawarar waɗanda suka san bindiga, musamman maharba da maƙera. Duk shekara idan masara ta fara nuna, birai da mugun dawa ba sa barinmu mu runtsa, shi ya sa bara na sayi bindiga mai baki ɗaya, irin wadda ake karyawa a saka harsashi guda, a harba, sannan a sake karyawa a cire kwanso. Ƙirar gida ce, kuma arahar da na gani ce ta ja ni. Da farko ta yi aiki lafiya, amma tun da damina ta faɗi ta sauya hali. Wani lokaci sai in ja kunama ta ƙi tashi, wani lokaci kuma idan ta tashi kwanson ya maƙale sai na zura sanda ta baki na turo shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, idan na rufe ta na girgiza, ina jin bututun yana motsi a mahaɗarsa, kuma a harbin da na yi na ƙarshe ta ɗan buɗe da kanta har hayaƙi ya bugo mini fuska. Wanda ya sayar mini ya ce in kawo ya ɗan taɓa ta da walda. Shin in kai masa, ko akwai abin da ya fi haka?

Maƙeri daga Azare:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka cire harsashi ka ajiye bindigar nan, kada ka sake harba ta ko sau ɗaya. Matsalolin da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma na ƙarshen ne yake raba mutum da idonsa.

Ƙin tashi yana da sauƙin ganewa. Ka duba gindin harsashin da ya ƙi tashi, wurin ɗan idon da ke tsakiya. Idan allurar bindigar, wato ɗan ƙarfen da yake dukan gindin harsashi, ta lotsa shi sosai amma bai tashi ba, laifin na harsashi ne, wataƙila ya sha sanyin damina ko ya daɗe a ajiye. Idan kuwa tabon ɗan kaɗan ne, ko ya kauce gefe, to allurar ta cinye ko sifirin da yake tura ta ya yi laushi, domin yawancin masu ƙera na araha ba sa samun ƙarfen da aka gasa yadda ya kamata. Maƙalewar kwanso kuma tsatsa ce ko kaushi a cikin mazaunin harsashi.

Motsin da kake ji a mahaɗa shi ne babbar magana. Ita wannan bindiga, duk ƙarfin harbi yana sauka ne a kan ƙusar da bututun yake juyawa a kanta da kuma ɗan harshen ƙarfen da yake kulle ta. Idan ƙarfen mai laushi ne, kowane harbi yana ɗan tauna shi, har a samu rata tsakanin gindin bututu da jikin bindiga. Ta wannan ratar hayaƙin ya same ka, kuma ranar da makullin ya saki gaba ɗaya, gindin kwanson ne zai taso da baya. Walda ba ta warkar da wannan, domin zafinta yana sauya ƙarfin ƙarfen da ke kewaye da wurin, sai ka ga waje ya yi kyau alhali ciki ya ƙara rauni. Ni sana'ata ƙira ce, garma da fartanya da ƙofofi nake yi, kuma ko da kuɗi ba zan sa hannu a irin wannan gyara ba.

Tsohon maharbi daga Ningi:

Ɗana, maganar maƙeri gaskiya ce, amma kada a ɗora wa bindiga mai baki ɗaya laifin da ba nata ba. A cikin bindigogin farauta babu mai sauƙin sha'ani kamarta, tunda kayan cikinta kaɗan ne. Bindigar Baikal ta ƙasar Rasha, wadda ake ƙerawa a birnin Izhevsk, ita ma ta talaka ce a can, amma tana yin shekaru a hannun mutum ba ta yi lako-lako ba. Bambancin yana ga ƙarfe da gwaji.

Ina so in ja hankalin matasa kan bindigar da ta ƙi tashi, domin a nan ne ake yawan rasa rai. Akwai harsashin da yake jinkiri, ka ja kunama ka ji shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Don haka ka ci gaba da riƙe ta bakinta yana kallon inda babu kowa, ka jira aƙalla daƙiƙa 30 kafin ka karya ta. Idan bindigar toka ce wadda ake ɗurawa ta baki, ka jira fiye da minti guda, kuma kada ka kuskura ka leƙa bakinta ko ka hura. Sannan duk bindigar da ta kwana biyu jingine a ɗaki, a cire harsashi a ɗaga bututun sama a ga haske ya ratsa kafin a fita da ita, domin zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma wannan 'yar lakar ta isa ta kumbura bututu ko ta tsaga shi.

Malamin koyar da aikin ƙarfe daga Gombe:

Baba ya ambaci gwaji, bari in ƙara bayani a kai. A ƙasashen Turai da dama doka ba ta yarda a sayar da bindiga ba sai an harba ta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, an duba ba ta kumbura ko ta tsage ba, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Gidan gwajin da ke Birmingham a Ingila tun 1813 yake wannan aiki. Harsashin gama-gari mai lamba 12 (lambar faɗin bututu) ƙarfin matsinsa yana iya kaiwa bar 740, bar kuwa ma'aunin matsi ne, mai tsawon milimita 76 kuwa har bar 1050, alhali iskar tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. To, bututun ruwa mai ɗinkin walda a tsawonsa, wanda wasu suke mayarwa bututun bindiga, ba a yi shi don ya ɗauki irin wannan ba, kuma babu wanda ya gwada shi sai mai saye da fuskarsa.

Akwai kuma wani tarko da ko masu bindigar kamfani suke faɗawa. Tsawon da ake rubutawa a jikin harsashi, milimita 70 ko 76, tsawon kwanso ne bayan ya buɗe. Saboda haka harsashi mai 76 yakan shiga mazaunin 70 ba tare da wata gardama ba, amma idan ya tashi bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa sosai, sai matsin ya hau. Malam, ka duba irin harsasan da kake saye, domin mai yiwuwa sun taimaka wajen sassauta bindigar taka.

Ɗan sintiri daga Darazo:

Ina girmama duk abin da manya suka faɗa, sai dai a tuna da halin da talaka yake ciki. Ba don sha'awa muke riƙe ƙirar gida ba, ita ce muke iya saye, kuma akwai maƙeran da aikinsu yake da kyau. A ganina ya nemi ƙwararre ya sauya masa ƙusar da makullin, maimakon a ce ya yar da kuɗinsa.

Maƙeri daga Azare:

Ɗan'uwa, na san halin da ake ciki, kuma ban raina maƙeran ba. Amma ko an sauya ƙusa da makulli, jikin da za su zauna a ciki shi ne dai wannan ƙarfe mai laushi, bututun ma shi ne dai wanda ba a san asalinsa ba. Da allura ce kaɗai matsalar, da na goyi bayanka.

Ma'aikaciyar jinya daga Bauchi:

Malam, don Allah ka ji maganar maƙeri. Waɗanda ake kawo mana bindiga ta fashe musu, raunin yakan kasance a hannun da ke tallafe da bututu da kuma fuska. Yatsun da ƙarfe ya ragargaza sau da yawa sai dai a yanke, kuma manomi da hannunsa yake ci da iyalinsa.

Tsohon ɗan sanda daga Misau:

Akwai ɓangaren doka da ba a taɓo ba. Dokar mallakar bindiga ta 1959 ta ce bindigar da ake ɗurawa ta baki kwamishinan 'yan sanda na jiha ne yake ba da lasisinta, bindigar farauta mai harsashi kuwa lasisinta yana ƙarƙashin Sufeto Janar. Ƙerawa da gyarawa su ma sai da izini. Bindigar da ba ta da lambar kamfani da wuya a yi mata rajista, don haka riƙe ta kaɗai yana iya jawo maka tuhuma. Kuma tunda kana maƙwabtaka da Yankari, inda farauta haramun ce a doka, masu gadin daji ba za su saurari uzuri ba idan suka gan ka da ita kusa da iyaka. Shawarata ita ce ka je wurin mai unguwarku ko Sarkin Baka, su raka ka ofishin 'yan sanda ka miƙa ta da kanka, kada ka sayar wa wani ko ka ba yaro.

Manomi daga Alkaleri:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba harsasan, kuma lallai akwai masu 76 a cikinsu. Na fasa kai ta walda, gobe in sha Allahu zan ga mai unguwa. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan kare masarar kafin girbi.

Tsohon maharbi daga Ningi:

Ka haɗa kai da maƙwabtan gonarka ku yi rumfar gadi mai tsayi ku riƙa karɓa-karɓa, domin birai da safe da yamma suke shigowa, kuma kare mai haushi da gwangwanaye a igiya suna korarsu. Idan ɓarnar mugun dawa ta yi yawa, ka kai kuka wurin Sarkin Bakan yankinku ya turo maharbin da yake da lasisi.