Gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) yaron wa ne?

Mai Shagon Atamfa: Jama'a ni fa na gaji. Wata uku ina zarya a banki kan bashin miliyan biyu in ƙaro kaya, yau su ce kawo takardar fili gobe su ce ina mai tsaya maka, amma ɗan siyasa waya ɗaya zai buga manaja ya same shi har falo. Bankunan nan da 'yan siyasa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Shettima daga Zenith ya fito, Alex Otti daga Diamond, Soludo ya bar CBN yanzu ga shi gwamnan Anambra. Gwamnan CBN kuwa ai yaronsu ne kawai.

Mai Jar Hula: Alhaji janye kalmar yaro. Sanusi da ya yi gwamnan CBN yaron wa? Mutumin da ya tsige shugabannin bankuna biyar rana ɗaya a 2009, sannan 2014 ya ce dala biliyan 20 na NNPC ba su shiga asusu ba har Jonathan ya dakatar da shi, shi ne yaro?

Malamin Firamare: Yaro ai ba zagi ba ne, ko ɗan shekara 60 in yana da ubangida yaro ne. Cardoso gwamnan CBN ba kwamishinan Tinubu ba ne a da a Legas?

Mai Jar Hula: Malam da Cardoso nake magana? Ka faɗi abin da ke ranka mana, mun san ɓangaren da kake tun rikicin masarautar Kano.

Malamin Firamare: To fa, an zo wurin.

Mai POS: Ku bar wannan, Emefiele fa? Yana kan kujerar gwamnan CBN aka saya masa fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC na miliyan 100 a 2022, wai manoma ne suka haɗa kuɗin. Kuma da yaronsu ne da El-Rufai bai kai gwamnati Kotun Ƙoli kan canjin kuɗi ba.

Hajiya Mai Adashi: Ɗan nan kai ka yi shiru don Allah. Lokacin canjin kuɗin nan dubu biyar na zo cira ka zare dubu ɗaya kana kallon idona, ranar ko gaisuwa ba ka amsa ba.

Mai POS: Hajiya mu ma sayen takardun muke a lokacin wlh, da asuba muke bin layi.

Hajiya Mai Adashi: A hannun wa kuke saya? Faɗa mana.

Mai Shagon Atamfa: Ni fa maganar bashi na kawo

Mai Jar Hula: Sai ka janye tukuna.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta dai kowa ya yarda Mai Martaba Sanusi ba yaron kowa ba ne, Malam ne kawai ya ƙi saboda dalilin da ya sani. Maganar Hajiya da mai POS ku ƙarasa ta waya. Alhaji kai kuma ka shiga adashin Hajiya, akwai gurbi wata mai zuwa.

Malamin Firamare: Kowa wa? Admin cire jar hular nan tukun ka sake ƙirga mu.