"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": har a lokacin yaƙi?

Baban Hajara: Assalamu alaikum. Wannan karin magana kowa ya yarda da ita a zaman lafiya, ni tambayata ita ce ranar da ƙasa ta shiga yaƙi. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumba 2001, 'yan Majalisar Wakilan Amurka 420 suka ba Shugaba Bush izinin amfani da ƙarfin soja. Mace ɗaya tak, Barbara Lee, ta ƙi, domin a ganinta izinin ba shi da iyaka, ba na wuri, ba na lokaci. Aka kira ta maciya amana, har da barazanar kisa. Ni a wurina gyara kayanka kawai ta faɗa.

Tsohon Soja: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban yarda ba. Wanda ke fagen daga in ya ji ana ta cacar baki a gida, gwiwarsa sanyi take yi, abokin gaba kuma ya saurara ya ƙara ƙaimi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bari a gama, sannan a zauna a yi bincike.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a duba asalin maganar. Wanda ya ɗauki kaya a ka ba ya ganin abin da ke kansa. Na bayansa ne ke ganin igiya ta sassauta, gammo ya zame, kayan sun karkata gefe guda. In ya yi shiru sai an isa, me ya rage a gyara? A Ingila Robin Cook ya ajiye muƙaminsa a gwamnatin Tony Blair ranar 17 ga Maris 2003, kwanaki kaɗan kafin a afka wa Iraƙi, yana cewa bai gamsu da hujjar yaƙin ba. Binciken da kuke cewa a jira ya zo, rahoton Chilcot, a 2016. Ya tabbatar an tafi yaƙi tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba, makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su kuma ba a same su ba. Shekara 13, kuma waɗanda suka mutu sun mutu.

Ɗalibi: Hajiya, ina tare da ke, sai dai akwai inda maganar ke ba ni tsoro. Wani gyara kayanka ɗin sauke mu raba ne da gaske. Obama ya soki yaƙin Iraƙi tun 2002, ya hau mulki ya sa hannu a rufe kurkukun sojan Amurka na Guantanamo a Janairun 2009, ya sauka ba a rufe ba. Hare-haren jirage marasa matuƙa suka ƙaru a zamaninsa, kuma da izinin nan na 2001 ya yaƙi ISIS a 2014. Da yawa daga masu ihu a zamanin Bush sai suka yi tsit. To kayan suke so a gyara, ko a sauke musu?

Tsohon Soja: Yauwa, yaro. Abin da nake gudu ke nan.

Baban Hajara: Ɗana, ka kawo ma'auni mai kyau, amma bai rushe karin maganar ba, rarrabe mutane ya yi. Akwai waɗanda bakinsu bai mutu ba da nasu ya hau. Barbara Lee ta ci gaba da neman a soke izinin a ƙarƙashin shugabannin jam'iyyarta irin su Obama. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai gwamnatin Obama kotu kan kisan Anwar al-Awlaki, ɗan Amurka, ba tare da shari'a ba. Kuma ko mai magana yana da kwaɗayin mulki, in igiyar ta sassauta, ta sassauta.

Uwar Biyu: Baba Tsohon Soja, ina da tambaya ɗaya, don Allah a yi haƙuri da ni. Kun ce a yi shiru sai an gama. Amurka ta shekara 20 a Afganistan, daga 2001 zuwa 2021. Jaririn da aka haifa farkon yaƙin ya isa shiga soja kafin ƙarshensa. Wa ke da ikon cewa yau an gama, in ba gwamnatin da ake hana mu suka ba?

Tsohon Soja: 'Yata, kan dalilin shiga yaƙi da tsawonsa, na sallama, a yi magana. Amma sirrin inda dakaru suke da ranar da za su motsa, wannan ba gyara kaya ba ne, kuma a nan ba zan matsa ba.