Neman shawara: an ɗora min wasan kwaikwayo, kalmomin sun rikita ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a Tudun Wada, an ce in shirya wasan kwaikwayo na ranar raba kyaututtuka, saura sati 3. Ƙanina da ya karanci fannin a ABU ya rubuta min bayani a gefen takardar wasan, bulokin, kiyu, hagun dandamali, saman dandamali, sai ya tafi bautar ƙasa wayarsa ma ba ta shiga. Jiya na ce wa yarinya ta fito ta hagu ta fito ta dama suka yi karo da mai fitowa a uwar miji, tiren shinkafa ya kife, yarinyar har da kuka. Don Allah a warware min, yaran nan sun sa rai sosai.

Wani ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Malama. Ai yarinyar ce da gaskiya, hagu da dama a dandamali na ɗan wasa ne in ya fuskanci 'yan kallo, ke da kike zaune a gaba hagunki damarsa ce. Saman dandamali can baya ne kusa da bango, ƙasa kuma nan gaba wajen 'yan kallo, asalinsa a da a Turai dandamalin gangare ake yi, baya ya fi tudu. Bulokin shi ne tsara inda kowa zai tsaya da inda zai taka, ki samu alli ki zana wa kowacce gurbinta a ƙasa, kwana biyu za su haddace.

Wata 'yar Sabon Gari:
Kiyu alama ce kawai Anti, kalma ko motsi da in ɗan wasa ya ji ya san lokacin shigarsa ko maganarsa ya yi. Misali uwar miji ta ce "ina amaryar?" to nan amarya za ta shigo. Kuma a bar zuba abinci na gaske lokacin gwaji, tire kawai ya isa.

Wani tsohon malami daga cikin Birni:
'Yata, kada Turancin ya tsorata ki, muna da namu. Kashi shi ne babban rabo, fitowa ƙananan da ke cikinsa, haka za ki gani a littattafan wasanninmu, kashi na ɗaya fitowa ta ɗaya. Abin da na fi damuwa da shi a wasan yara shi ne juya wa 'yan kallo baya da magana ƙasa-ƙasa don kunya. Ki riƙa tsayawa a ƙarshen zauren, in ba ki ji ba su maimaita, yaran da ke tashe da azumi ai murya ba ta gagare su ba. In da hali ki kai su Drama Village na ABU a Samaru, ginin ƙasa ne tun shekarun 1970, su ga fagen da idonsu.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba na gode. Gobe zan ba yarinyar haƙuri a gaban ajin. Saura labule, ba mu da shi, zannuwan gado biyu a igiya za su yi?

Ɗan Samaru:
Za su yi Malama, a sami masu kauri dai don kada a hango masu canza kaya a baya.