Wane ƙarfe ya dace da gyaran layin siminti a ginin jan bulo?

Baban Khalil, Zariya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gini a cikinmu. Ina gina katangar gaban gida da jan bulo, kuma niyyata ita ce a bar ta haka ba filasta, domin launin bulon ya fito. Birkilan da ke yi mini aikin ya ƙware a bulon siminti, wanda a ƙarshe filasta ke rufe komai, saboda haka hannunsa bai saba da gyaran layin da ke tsakanin bulo da bulo ba. A sahu biyar ɗin farko da ya ɗora, da bakin cokalin gini ya share kwaɓin da ya bultso, sai layin ya fito wani wuri a cike, wani wuri da rami, ga shi kuma siminti ya ɓata fuskar bulon. Na sa an dakata. Wane kayan aiki ake amfani da shi, kuma ana samunsa a kasuwa ko sai an ba maƙeri ya ƙera? Sannan wane irin layi ya fi jure ruwan sama, tunda katangar gabas take kallo?

Tsohon Birkila, Kano

Wa alaikumus salam, Baban Khalil. Ka yi dabara da ka tsayar da aikin tun yana sahu biyar. Ƙarfen da kake nema ba abu ne mai tsada ba. Ana shigowa da shi daga waje, wani lokaci a dace da shi a shagunan kayan gini, amma yawancinmu da hannu muke haɗa namu. Ka sami guntun rodi mai santsi, ba mai zane-zanen nan da ake zubin kankare da shi ba, wanda tsawonsa ya kai kamar kamu ɗaya da rabi, ka kai wa mai walda ya lanƙwasa shi sau biyu yadda gefe ɗaya zai kwanta a kan layin, ɗaya gefen kuma ya ɗago ya zama mariƙi, domin kada yatsun birkila su riƙa gogar bulo. Abin lura shi ne kaurin rodin ya ɗan fi faɗin layin. Idan layin milimita 10 ne, wanda shi ne ma'aunin da aka saba, to rodi mai milimita 12 ya dace, saboda gefensa zai hau bakin bulo na sama da na ƙasa, ya danne kwaɓin ya manne da su, maimakon ya nutse ciki ya kwashe shi. Hannun tsohon bokitin ƙarfe ma yana yin wannan aiki, haka guntun tiyo mai tauri.

Sai dai ƙarfen ba shi ne babbar magana ba, lokacin da za a sa shi shi ne. Idan aka ja shi kwaɓi na da ruwa, ruwan siminti zai taso sama, layin ya bushe fari fat, ya kuma shafi bulo. Idan aka bari ya bushe da yawa, ƙarfen ba zai danne komai ba, sai dai ya bar baƙin tabo. Gwajin da aka koya mana shi ne ka danna babban yatsanka a kan layin. Idan shatin yatsan ya fito amma kwaɓin bai manne maka ba, to lokaci ya yi. Wannan ba abu ne da ake dubawa a agogo ba, domin da hunturu ko tsakiyar bazara, kafin birkila ya ɗora sahu uku, kwaɓin na farkon ya riga ya kama, da damina kuwa sai ya jira. A fara da layukan tsaye, sannan a ja na kwance a miƙe daga wannan kai zuwa wancan, ta yadda na kwancen zai share bakin na tsayen. Duk inda aka ga rami, a cusa ɗan kwaɓi da ƙaramin cokali mai tsini kafin a wuce. Bayan ya ƙara tsanewa sai a bi da burushi mai laushi, a busasshe, a kakkaɓe burbushin. Kada a yarda lebura ya kawo jiƙaƙƙen soso ya goga, domin shi ne ke watsa siminti a fuskar bulo.

Mai Zanen Gidaje, Kaduna

Bayanin Baba ya gamsar, amma ina so in kawo wani salon, tunda mai tambaya kyan gani yake nema. Akwai layin da ake ƙwaƙule kwaɓin ya koma ciki kamar milimita 5 ko 6, kowane bulo ya fito da inuwarsa. Kayan aikinsa ma ya fi sauƙi: guntun katako ne ake kafa wa ƙusa, a bar kanta a waje daidai zurfin da ake so, katakon na tafiya a kan fuskar bulo, ƙusar na kwashe kwaɓin. A wajena babu salon da ya kai shi fito da jan bulo, musamman da yamma idan rana ta karkata.

Injiniya Abu Fatima, Jos

Malam Mai Zane, ban musa kyansa ba, amma ba zan ba da shawarar a yi shi a wannan katanga ba. Ƙwaƙulallen layi yana barin ɗan dandamali a saman kowane bulo, inda ruwa ke kwanciya, sannan ƙusa kwashewa take yi, ba ta danne kwaɓin ba, don haka fuskarsa takan zauna a buɗe tana shan ruwa. Mai tambaya ya ce katangar gabas take kallo, kuma kowa ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa ko a ginin ƙasa bangon gabas ne ke fara zaizayewa. A falo ko ƙarƙashin baranda, inda ruwa ba ya dukan bango, ba laifi a yi shi. A waje kuwa, layin da rodi ya danne ya yi kwarmi shi ne ya fi tsare ruwa, sai mai bi masa, wato wanda ake yi da bakin cokali a karkace, saman layin ya shige ciki, ƙasansa ya zo daidai da bakin bulo, ruwa ya zame ya sauka. Da yawa suna juya wannan karkatar saboda ta fi sauƙi a hannu, su shigar da ƙasan ciki, sai su samar wa ruwa wurin zama. Akwai kuma maganar bulon kansa. Idan irin wanda ake gasawa a gargajiyance ne, wanda girmansa bai zo ɗaya ba kuma gefensa ba a miƙe yake ba, ƙwaƙulallen layi tona asirin kowace karkata yake yi, shi kuwa mai kwarmi yana ɗan rufa mata.

Game da kwaɓi, kada a cika siminti da zaton ƙarfi ake nema. Kashi 1 na siminti da kashi 5 na yashi ya isa, wato buhu ɗaya mai kilo 50 da kwanon sarki kamar 10, kuma a tankaɗe yashin, domin tsakuwa ɗaya idan rodi ya ja ta sai ta tsaga layin. Kwaɓin da ya fi bulo tauri, idan bango ya motsa, bulon ne zai tsage a madadinsa. A kuma jiƙa bulon kafin a ɗora, a bar fuskarsa ta tsane, tunda busasshen jan bulo zuƙe ruwan kwaɓi yake yi nan take.

Baban Khalil, Zariya

Allah Ya saka muku da alheri. Na tsaya a kan rodi. To, sahu biyar ɗin da aka riga aka ɗora fa, Baba, sai an rushe su?

Tsohon Birkila, Kano

Ba sai an rushe ba, muddin ginin ya tsaya daidai a kan igiya. A sami siririn kurfi da ƙaramar guduma a ƙwaƙule layukan zuwa zurfin da ya ninka faɗinsu sau biyu, wato kamar milimita 20, domin idan shafawa kawai aka yi a sama, ɓarewa za ta yi kafin damina biyu. Ban so a sa injin yanka a hannun wanda bai saba ba, saboda yana zamewa ya ci bakin bulo, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. A share ƙurar, a yayyafa ruwa, a cusa sabon kwaɓi mai ɗan tauri, sannan a jira gwajin yatsa a ja rodi. Ka tabbata yashi ɗaya da ma'auni ɗaya aka yi amfani da su a nan da sauran katangar, in ba haka ba launin zai bambanta. Simintin da ya bushe a fuskar bulo kuwa, a fara gwada kankare shi da ɓallin jan bulo da ruwa. Idan ya ƙi, akwai asid ɗin wanke siminti, wanda ake zuba kashi 1 a cikin ruwa kashi 10, asid ɗin ake zubawa a ruwa, ba ruwa a asid ba. Sai an jira aikin ya yi kamar mako biyu, a jiƙa bangon sosai tukuna, mai aikin ya sa safar hannu ya kare idonsa, a gwada a wani lungu, sannan a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kafin birkilanka ya koma kan katangar, ka sa ya jera bulo sahu uku a gefe ya gwada rodin a kansu, ka duba da idonka.