Harbe-harben Amurka: laifin taɓin hankali ne?

Kawu Direba: Ni dai har gobe ina kan bakana. Mai hankali ba zai shiga firamare ya harbe yara 19 da malamai 2 ba, kamar yadda aka yi a garin Uvalde na jihar Texas a 2022. Gwamnan jihar, Abbott, ma kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya ɗora abin. A tace masu taɓin hankali, kowa ya huta.

Anti Nas: Kawu, a yi mini afuwa, wannan "a tace" ɗin ce ke damuna. A sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa nake aiki. Duk ranar da aka yi irin wannan harbi, washegari sai ka ga marasa lafiyarmu sun yi tsuru-tsuru. Wani ya daina zuwa karɓar magani don kar a wurin aiki a ji. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta bi diddigin maharba 63, daga 2000 zuwa 2013, kashi 25 cikin 100 ne kawai aka tabbatar likita ya taɓa gano musu ciwo.

Kawu Direba: To maharbin jami'ar Virginia Tech fa, 'yata? Mutum 32 ya kashe a 2007, alhali tun 2005 kotu ta ce ya nemi magani.

Anti Nas: Wannan na yarda, kuma sakacin hukuma ne da ya iya sayen bindiga. Amma mutum ɗaya ba zai shafa wa miliyoyi kashin kaji ba.

Ɗalibi: Yaron da ya kashe baƙaƙen fata 10 a wani kanti a birnin Buffalo ya yi wata da watanni yana shiri, har takardar aƙidarsa ya rubuta. Ƙiyayya ce tsagwaronta. Da sunansa Muhammadu, wa zai tsaya tambayar lafiyar ƙwaƙwalwarsa?

Hajiya Babba: Kai yaro, bi a hankali. Ni tambayata ɗaya: Ingila da Japan babu masu taɓin hankali ne?

Anti Nas: Akwai, Hajiya. Bindigar ce ba ta yawo. Kuma ga abin da ba a faɗa: a 2021 sama da mutum 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabi kansu suka kashe. Nan ne ciwon damuwa ya shigo da gaske.

Kawu Direba: Innalillahi. Fiye da rabi? Wannan kam ban taɓa ji ba. Amma batun na Uvalde ban sauka ba tukuna, bari in sauke fasinja.