Ina neman fim ɗin laifi mai ƙulli, ba mai harbe-harbe ba

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ku taimaka min da fim ko shiri mai dogon zango na bincike. Na gaji da wanda jarumi zai daki mutum ashirin shi kaɗai, bos ya mutu a ƙarshe, shi ke nan. Wanda zai sa in yi tunani nake so, kuma in iya kallo da yara a falo.

Mai Shayin Bakin Tasha: Wa alaikumus salam Hajiya. Drishyam za ki nema, na 2015 wanda Ajay Devgn ya fito. Asalinsa na yaren Malayalam ne, na 2013 da Mohanlal, amma na Hindi ya fi yawo a wayoyinmu. Jarumin mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin ne a jihar Goa ta Indiya, bai wuce aji huɗu a makaranta ba, duk wayonsa a kallon fim ya samo shi. Wani yaro ya zo yana yi wa 'yarsa barazana da bidiyo, garin kare kai yaron ya mutu a gidansu. Ashe uwar yaron babbar 'yar sanda ce, Tabu ce ta fito a matsayin. Tun farko kin san wanda ya yi, abin da zai riƙe ki shi ne yadda uban zai tsame iyalinsa. Ya kwashe su zuwa Panaji, ya adana tikitin mota, rasit ɗin otal, na gidan abinci, sannan ya riƙa maimaita wa mutane labarin tafiyar har ranar 2 ga Oktoba, wadda yake so a ɗauka ita ce ranar tafiyar, ta zauna a kansu kamar da idonsu suka gani. Daren da na kalla, madara ta ƙone min a tukunya ban sani ba.

Ɗan Auta: Kuma inda ya binne gawar ne ya fi ban mamaki, ai a...

Mai Shayin Bakin Tasha: Kai ƙanena, kar ka fasa ƙwai! Bar ta ta gani da kanta.

Ɗan Auta: Tuba nake Yaya. To ta haɗa da na biyun, na 2022. Ni kuma Breaking Bad zan ce, malamin kemistiri da cutar daji ta kama ya koma haɗa ƙwaya a Albuquerque. Kashi 62 ne, daga 2008 zuwa 2013.

Anti Malama: Ba ka ji ta ce da yara za ta kalla ba? Wannan ko kusa. Shi ma Drishyam ɗin, wurin da 'yan sanda ke dukan iyalin akwai tayar da hankali, ki tura ƙananan ɗaki. Maman Biyu, gwada October 1 na Kunle Afolayan, 2014, amma shi ma ke kaɗai. Marigayi Sadiq Daba ne ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da Turawa suka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ya gano mai kashe mata kafin ranar samun 'yancin kai a 1960. Ga baƙunta, ga matsalar yare, ga Turawa na matsa masa ya rufe maganar kafin a sauke tutarsu. Ni dai na gane mai laifin da wuri, amma dalilinsa ne ya daɗe yana damuna.

Baba Ɗan Fansho: Allah ya jiƙan Sadiq Daba, mun san shi tun yana Bitrus a Cock Crow at Dawn a NTA. 'Yata, tunda kin ce da yara, nemi Columbo. Tsoho ne, tun 1971 aka fara shi a jere a Amurka. A farkon kowane kashi za a nuna miki mai kisan da yadda ya shirya. Sai ga Peter Falk, wanda ya fito a Columbo ɗan sanda mai bincike, da tsohuwar rigar ruwa duk ta yamutse, kai ka ce bai san hagu da dama ba. Zai yi sallama ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo da wata 'yar tambaya, a nan mai kuɗin zai fara zufa. Ba jini, bindiga ma ba ya son riƙewa.

Maman Biyu: Na gode Baba, na gode kowa. Drishyam zan fara idan sun yi barci. Akwai fassarar Hausa kuwa?

Mai Shayin Bakin Tasha: Tambayi masu tura fim na unguwarku. Ki dai sa a buɗe miki ki duba sauti kafin ki biya, ni an taɓa tura min wanda muryar ke gaba hoton na baya.

Ɗan Auta: Hajiya in kin gama ki dawo mu yi maganar gawar nan, ta tsaya min a wuya.