Neman kalma: me za mu kira abin da kulorin ke haifarwa a ruwan famfo?

Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara wata sanarwa kan ruwan sha, sai na tsaya cik a kan abin da Turawa ke kira disinfection byproducts. Ga yadda abin yake: da damina Kogin Kaduna kan ɗauko ruɓaɓɓen ganye da ciyawa, wani sashe ya narke cikin ruwa. Idan aka zuba kulorin a gidan ruwa irin na Malali, zai kashe ƙwayoyin cuta, amma zai kuma haɗu da wannan narkakken datti, sai wasu sababbin sinadarai su fito, irin su kulorofom. A 1974 wani masanin sinadarai, Johannes Rook, ya gano su a ruwan birnin Rotterdam na ƙasar Holan. A Amurka ba a yarda dangin kulorofom ɗin su wuce maikurogiram 80 a lita ba, domin ana danganta daɗewar shansu da ciwon daji na mafitsara. Da farko na rubuta "ragowar kulorin". Ya kuka gani?

Malama daga Kawo: Malam, don Allah ka goge wannan. Ragowar kulorin ai ita muke nema. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a samu aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfo, don ita ke gadin ruwan a cikin bututu. Ka ba abin kariya da abin gudu suna ɗaya, gobe mutane su ƙi ruwa mai warin kulorin su koma rijiya, ga kwalara na jira.

Gaskiyarki, Malama. Na bar wa mai gadin sunansa.

Baba daga Tudun Wada: Ɗana, ka ce dusar kulorin. Kowa ya san dusa ba ita aka nufa da surfe ba.

Baba, na so wannan ƙwarai, amma dusa tana jikin hatsi tun daga gona, surfe ne kawai ya fid da ita. Waɗannan kuwa babu su a kogi, babu su a cikin kulorin, sai sun haɗu. Shi ya sa hankalina ya koma kan toka: ba itace ba ce, ba wuta ba ce, kuma sai da su biyun take samuwa. Har maganin ma yana cikin kalmar. Mai son toka ta ragu itace yake ragewa, ba ya kashe murhu a kwana da yunwa. Wato a kwantar da datti da alam, a tace sosai, sannan a sa kulorin.

Malama daga Kawo: Sai dai toka ana ganinta, kuma tana kwanciya. Wani zai ajiye ruwa a randa ya ce ta kwanta. Wannan ta kulorin kuwa sai na'ura ke gano ta. Tana kuma ƙaruwa idan ruwa ya daɗe a bututu, musamman da zafi, daidai lokacin da ragowar ke raguwa. Shi ya sa ake ɗiban ruwan gwaji har daga famfon unguwa mafi nisa.

To, a sanarwar zan sa "tokar kulorin, wadda ido ba ya gani", ita kuwa ɗayar "ragowar kulorin". Baba, ka amince?

Baba daga Tudun Wada: Na amince, ɗana. Amma ka fara karanta wa masu ga-ruwa na unguwarku, ka ji me suka fahimta kafin ka buga.